MURYAR YARO MABUƊIN ZUCIYA CE: DARASI DAGA WATA WALIMAR SAUKA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Ranar Asabar ɗin da ta wuce an gayyace ni walimar saukar Alƙur'ani a wata Islamiyya da ke bayan unguwarmu. Kun dai san yadda irin wannan taro yake: rumfuna, kujerun roba, lasifika tana yi tana yankewa, iyaye mata can gefe sun cika wuri. Aka ba ni minti ashirin in yi nasiha a kan haƙƙin iyaye. Na shirya sosai, na kawo aya, na kawo hadisi, na kawo maganganun malamai. Jama'a suka saurara da ladabi, wasu na danna waya, wasu na fifita da takardar gayyata. Na gama na zauna.

Sai aka kira wasu yara, ba su wuce su goma sha biyu ba, babbansu bai fi shekara goma ba. Wata 'yar ƙaramar yarinya ta ja baiti, sauran suna amshi. Ba ganga, ba komai, murya ce zalla. Waƙar a kan uwa ce: wahalar ciki, shayarwa, daren da ta kwana a zaune saboda zazzaɓin ɗanta, da ranar da za a ɗauke ta a makara, ɗan ya nemi wadda zai roƙa gafara ya rasa. Wallahi wurin nan ya yi tsit. Wani dattijo da ke kusa da ni, ɗan kasuwa ne da kowa ya san shi da zafin rai, sai na ga ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe fuska. Ni kaina da na zo yin wa'azi, sai ga ni ina laluben hankici a aljihu, don na tuna tawa mahaifiyar, Allah Ya jiƙanta.

A hanyar komawa gida na yi ta tunani. Abin da na faɗa a minti ashirin, shi ne dai yaran nan suka faɗa a minti biyar. Ban rage komai ba, ba su ƙara komai ba. To me ya sa tawa maganar ta tsaya a kunne, tasu ta zarce zuciya? Wannan tambaya ce darasinmu na yau, kuma akwai amana mai nauyi a cikin amsarta.

ME YA SA MURYAR YARO TAKE RATSA ZUCIYA?

Idan babba ya miƙe zai yi magana, kafin ya buɗe baki mun riga mun ɗaura ɗamara. Wane ne shi? Ɗan wace ƙungiya ce? Da wa yake? Shi ɗin yana aiki da abin da yake faɗa? Duk waɗannan tambayoyi katanga ce muke ginawa tsakaninmu da gaskiya. Amma yaro ɗan shekara takwas, wace katanga za ka gina masa? Ba ya neman kujera, ba ya yi maka habaici, bai san rigimarka da ɗan uwanka ba. Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa kowane yaro ana haihuwarsa ne a kan fiɗira, kuma an ɗauke masa alƙalami har sai ya balaga. Bakin da ba a fara rubuta masa zunubi ba ne yake tuna maka Allah, shi ya sa ka rasa hanyar kare kanka.

Na biyu, muryar yaro tana mayar da kai baya. Kana jin ta sai ka ga kanka riƙe da allo, ka tuna malamin da ya fara ɗora maka, ka tuna lokacin da ba ka san riba ba, ba ka san gaba ba, ba ka san kallon haram ba. Kukan da dattijo yake yi a irin wannan wuri, rabinsa kukan abin da ya bari a baya ne.

Na uku, ita kanta daddaɗar murya Allah Ya sanya mata tasiri, har a kan dabbobi. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Anjasha, wani yaron Manzon Allah (SAW) mai zaƙin murya, wanda yake rera wa raƙuma waƙa a tafiya. Wata rana yana kora raƙuman da ke ɗauke da mata, sai Manzo (SAW) ya umarce shi da ya bi a hankali, ya kamanta matan da kwalabe masu saurin fashewa. Malamai sun yi bayani biyu: wasu suka ce raƙuma ne idan suka ji waƙar sai su ƙara sauri, a ji tsoron kada matan su faɗo, wasu suka ce zukatan matan ake ji wa tsoron kada muryar ta taɓa su. Ko wanne ka ɗauka, darasin ɗaya ne: murya tana da ƙarfi, kuma abu mai ƙarfi ana bin sa a hankali.

SUNNA TA SAN DA WANNAN

Kada wani ya zaci yaranmu ne suka fara. Ibn Majah ya ruwaito daga Anas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce ta wani sashe na Madina ya tarar da 'yan mata ƙanana na Banu Najjar suna buga duffi suna rera murnar maƙwabtaka da shi. Bai kore su ba. Ya shaida musu cewa Allah Ya san yana ƙaunarsu.

A ranar wani Idi, Sayyidina Abubakar (RA) ya shiga ɗakin Nana A'isha (RA) ya tarar da yara mata biyu suna rera waƙoƙin da mutanen Madina suka yi a kan yaƙin Bu'asu. Ya yi musu tsawa. Manzo (SAW) ya ce ya ƙyale su, domin kowace al'umma tana da idinta, wannan kuma idinmu ne. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim.

Ko manyan sahabbai, a shekara ta 5 bayan hijira, lokacin da ake haƙa ramin Khandaƙ cikin yunwa da sanyi, da baitoci suke ƙarfafa juna, Manzo (SAW) yana ɗaukar ƙasa tare da su yana amsa musu. A ɓangaren karatun Alƙur'ani kuwa, wanda shi ne sama da komai, ya yabi muryar Abu Musa Al-Ash'ari (RA) har ya kamanta ta da irin baiwar da aka yi wa Annabi Dawuda (AS). Ya sa Ibn Mas'ud (RA) ya karanta masa Suratun Nisa'i, da ya kai aya ta 41 sai ya ce ya isa haka. Ibn Mas'ud ya ɗago kai ya ga idanun Manzo (SAW) suna zubar da hawaye. Ashe kuka saboda jin gaskiya a daddaɗar murya ba rauni ba ne.

Magabatanmu na ƙasar nan ma sun gane wannan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, bayan littattafansa na Larabci ya yi waƙoƙin wa'azi da Fulatanci don wanda ba ya iya karanta littafi. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara ta hanyar 'Yan Taru: jaji za ta zo ta haddace, ta koma ƙauyensu ta koya wa mata, mata su rera wa 'ya'yansu a bakin murhu. Ga Ishiriniya ta Alfazazi da Burda ta Busiri da aka daɗe ana rerawa a zaurukanmu. Ga Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne amma waƙarsa ta shiga gidajen da malamai da yawa ba su taɓa takawa ba. Da yawanmu siffofin Allah da farillan alwala a waƙe muka fara riƙe su, tun kafin mu san akwai wani littafi wai shi Ahalari ko Ishmawi.

Ban manta da saɓanin malamai a kan kayan kiɗa ba. Mafi yawan malaman mazhabobin nan huɗu sun hana su, suka yi rangwame a kan duffi a biki da Idi. Ibn Hazm ya saɓa musu, Imamul Gazali ya ware babi guda a Ihya'u a kan sauraro da sharuɗɗansa, Ibnul Ƙayyim kuma ya tsananta ƙwarai a Igasatul Lahfan. Ni abin da na natsu da shi, kuma nake ba masu makarantu shawara, shi ne a bar yara a kan murya zalla. Ita ce ta fi nisa daga shubuha, kuma wallahi ita ta fi ratsa jiki. Amma yau ba wannan muhawara na zo tayarwa ba, don haka ina roƙon kada a mayar da maganar can.

ƘOFA IDAN TA BUƊE, KOMAI YANA IYA SHIGA

To a nan ne amanar take. Muryar yaro mabuɗi ce. Mabuɗi kuwa ba ruwansa da wanda zai shiga ɗakin, mai gida ne ko ɓarawo.

Ku saurari wannan hadisi da kyau. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz (RA), wadda mahaifinta ya yi shahada a Badar, ta ce Manzon Allah (SAW) ya shigo wurinta washegarin tarewarta. Wasu yara mata suna buga duffi suna ambaton iyayenta da suka yi shahada a Badar. Sai ɗaya daga cikinsu ta sako wani baiti mai nuna cewa Annabi ya san abin da zai faru gobe. Nan take Manzo (SAW) ya dakatar da ita, ya ce ta bar wannan ta koma kan abin da take faɗa da farko. Bukhari ne ya ruwaito.

Ku duba hikima. Yarinya ce ƙarama. Ranar farin ciki ce. Shi ake yabo, kuma don ƙauna take yi. Duk da haka bai bari baitin ya wuce ba, domin ya taɓa abin da yake haƙƙin Allah ne Shi kaɗai. Sannan bai watsa taron ba, bai ƙwace duffin ba, bai kunyata ta ba. Baiti ɗaya ya cire, ya ce a ci gaba. Wannan shi ne ma'auni. Mu kuwa yau mun rabu biyu: wasu idan murya ta yi daɗi ko me aka faɗa sai kabbara, wasu kuma saboda baiti ɗaya sai su haramta wa yara buɗe baki gaba ɗaya. Duk ɓangarorin biyu sun bar hanyar da ya bi.

Hawaye ba hujja ba ne, 'yan uwa. Mutum yana kuka a gaban fim ɗin da ya san ƙarya ne. Tsigar jikinka ta tashi ba ya nufin abin da aka faɗa gaskiya ne. An ruwaito daga Imamu Shafi'i cewa waƙa magana ce kamar kowace magana, mai kyanta mai kyau ce, mummunarta mummuna ce. Idan aka sa wa yaro baitin da ya wuce iyaka a yabo, alhali Manzo (SAW) da kansa ya hana a wuce iyaka a yabonsa kamar yadda Nasara suka yi wa Annabi Isa (AS), ko baitin zagin wasu Musulmi, ko labarin da ba shi da asali, to an zuba masa abin da zai yi wuyar kankarewa. Wa'azin da ya ji yau zai iya mantawa jibi. Waƙar da ya haddace yana ɗan shekara bakwai kuwa, da ita zai tsufa, wataƙila ita ce za ta zo bakinsa a gadon ajali.

A wannan walima da na ba ku labari, bayan an tashi na kira wani yaro da ya rera ƙasidar Larabci, murya kamar me. Na sa masa albarka, na ce, "Ɗana, baitin farkon nan da ka rera, me yake nufi?" Ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce, "Malam, ba a gaya mana ba." Ya sa mutum ɗari kuka, shi kuma an bar shi hannu rabbana. Wannan ba laifinsa ba ne, namu ne.

Akwai kuma wata fitinar da ta zo da zamani. Yaro yana rerawa, manya sun yi layi suna yi masa liƙi a goshi, wayoyi ashirin sun haska shi. Kafin magariba bidiyonsa ya zagaya Facebook da TikTok, ana ta zuba yabo. Zuciyar babba ma ba ta iya ɗaukar wannan, ina ga ta ɗan shekara tara? Manzo (SAW) ya ji wani yana kambama ɗan uwansa, ya gargaɗe shi cewa ya yanke wuyan abokinsa. Kuma Muslim ya ruwaito cewa cikin mutum uku na farko da za a yi wa hukunci ranar ƙiyama akwai makarancin da ya yi karatu don a ce shi makaranci ne. Idan haka ne ga Alƙur'ani, ina ga waƙa? Mu ji tsoron Allah, kada mu koya wa yaro riya da hannunmu tun bai san sunanta ba.

KUSKUREN DA NA TAƁA YI

Zan faɗi wani abu a kaina, ko Allah Ya sa wani malami ya amfana. Shekaru da suka wuce, ina koyarwa a wata Islamiyya, akwai wani yaro ɗan kimanin shekara goma sha uku. Wata rana lokacin tara na same shi a bayan aji, yara sun kewaye shi, yana rera waƙar wani fim. Raina ya ɓaci. Na fito da shi gaban dukkan ɗalibai, na zane shi, na kira shi maroƙi, yara suka yi ta dariya. A ganina na yi kishin addini. Sati biyu bayan nan ya daina zuwa. Ban bi sawunsa ba.

Bayan shekaru muka haɗu a tashar mota. Ya durƙusa ya gaishe ni, "Allah gafarta Malam, ba ka gane ni ba?" Muka taɓa hira, sai na ji ashe waƙar biki ce sana'arsa yanzu, karatu kuwa tun daga ranar nan ya tsaya. Na nemi ya yafe min. Ya ce, "Haba Malam, ba komai." Amma ni na san akwai komai.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na san labarin Abu Mahzura (RA) tun kafin wannan rana, na sha karantar da shi, amma da jarrabawar ta zo sai na faɗi. A shekara ta 8 bayan hijira, ana dawowa daga yaƙin Hunaini, wasu samarin Makka su goma suka ji ladanin Manzon Allah (SAW) yana kiran salla, sai suka riƙa kwaikwayonsa don izgili. Ku lura, izgili da kiran salla, ba waƙar fim ba. Manzo (SAW) ya ji wata murya a cikinsu da ta fita daban. Ya aika aka zo da su, ya nemi sanin mai wannan murya, aka nuna Abu Mahzura. Sai ya sallami sauran, ya tsayar da shi, ya koya masa kiran salla da kansa kalma bayan kalma. Ya ba shi kyautar azurfa, ya shafi goshinsa, ya yi masa addu'ar albarka. Abu Mahzura ya ce duk ƙiyayyar da ke zuciyarsa ta juye ta zama ƙauna. Da bakinsa ya roƙi a ba shi ladancin Makka, aka ba shi, kuma ladancin ya daɗe a zuriyarsa bayansa. Har an ruwaito cewa bai ƙara aske gashin gaban kansa ba, saboda hannun da ya taɓa wurin.

Kun san wannan maimaita shahada da ladananmu na Malikiyya suke yi, su faɗe ta ƙasa-ƙasa sannan su ɗaga murya, wanda malamai ke kira tarji'i? Daga hadisin Abu Mahzura aka samo shi. Yaron da aka kama yana izgili, yau fiye da shekara 1400 ana kiran salla a garuruwanmu da yadda aka koya masa. Manzo (SAW) ya ji izgilin, ya kuma ji baiwar da ke ƙarƙashinsa, sai ya gyara ɗaya ya raya ɗaya. Ni kuwa laifin kawai na ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma ni karya shi na yi.

ABIN DA NAKE ROƘO

1. Masu makarantu: kada a ba yara wata waƙa ko ƙasida sai wani mai ilimi ya bi ta baiti-baiti. Wanda ya karkace a cire shi, a bar sauran, kamar yadda aka yi a gidan Rubayyi'u.

2. Malamai: kafin yaro ya haddace, a fassara masa. Ya san me yake faɗa, don zuciyarsa ta riga ta masu sauraro amfana.

3. Alƙur'ani ne gaba. Yaron da Allah Ya ba murya, a fara kai ta ga tajwidi da kiran salla. Idan ya haddace ƙasida goma amma Fatiharsa ba ta miƙe ba, an yi gini ba harsashi. Kuma kada shirin walima ya cinye wata biyu na karatu.

4. Iyaye: ku rage liƙi da ɗora yara a intanet. Kyautar da za ka ba shi, ba shi a gida, ka haɗa masa da addu'a, ka tuna masa Wanda Ya ba shi muryar. 'Yan matan da suka fara girma kuma a kiyaye musu kunyarsu, su yi a cikin 'yan uwansu mata.

5. Wanda ya ga yaro mai murya ya karkata, ya tuna Abu Mahzura kafin ya ɗaga bulala. Idan masallaci bai ba muryar nan wuri ba, akwai masu jiran ta a waje.

6. Mu masu sauraro: idan zuciya ta yi laushi, a yi amfani da damar kafin ta koma yadda take. Allah Ya tambayi muminai a Suratul Hadid, aya ta 16, ko lokaci bai yi ba da zukatansu za su rusuna ga ambatonSa. Ka yi kuka a kan waƙar uwa? To idan tana raye, tashi ka je ka gaishe ta yau, ko ka kira ta. Idan ta rasu, yi mata addu'a da sadaka, ka sada zumuntar da ta bari. Kukan da ya ƙare a hankici bai kai inda aka aike shi ba.

Shi kuma wancan ɗalibi nawa, na karɓi lambarsa a ranar, muna gaisawa lokaci-lokaci. Na gayyace shi karatun da muke yi tsakanin magariba da isha'i. Bai zo ba tukuna, ni kuma ban daina gayyata ba. Ku taya ni yi masa addu'a, ni ma ku sa ni a ciki.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa muryoyinsu su zama hujja gare mu ba a kanmu ba. Allah Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya yafe mana kurakuran da muka yi a tarbiyya da sani ko da jahilci. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.